Agogon Japan mai aiki ba batir: ya cancanci kuɗin mai albashi?

"Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Zariya. Na gaji da sayen agogo duk shekara, wannan ya sha ruwa, wancan batir ya zuba a cikinsa. Marigayi mahaifina yana da Seiko 5 da ya sayo a Makka, ya ɗaura shi har ƙarshen rayuwarsa, ban taɓa ganin an sa masa batir ba. Ina son irinsa. Amma wani abokina ya ce waɗannan agogunan ba sa riƙe lokaci daidai, kuma kasuwa ta cika da jabu. Shin ya cancanci mai albashi irina ya zuba kuɗinsa a kai? In haka ne, wanne zan saya: Seiko, Orient ko Citizen?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa Aljanna ce makomarsa.

In na fahimce ka, kana neman agogon da za ka ɗaura kullum, ka shiga aji da shi, ka yi alwala, ka hau babur, ya jure, kuma kana so ka san ko irin na mahaifinka zai yi maka wannan aikin ba tare da ya riƙa yi maka ƙarya a kan lokaci ba. Amsata ita ce e, ya cancanta, amma da sharaɗi. Abokinka ma bai yi kuskure ba a duka maganganunsa biyu. Gyaran agogo ne sana'ata, kuma agogunan Japan su ne suka fi yawa a cikin waɗanda ke zuwa teburina, saboda haka zan yi maka bayani daga abin da nake gani a cikinsu in na buɗe.

Yadda yake samun ƙarfinsa

A cikin agogon otomatik, wato irin na mahaifinka mai aiki ba batir, akwai wani siririn ƙarfe mai tsawo da aka nannaɗe a cikin ɗan gwangwani. Shi ne ma'ajiyar ƙarfi. A tsofaffin agoguna, mutum ne ke murza maɓallin gefe kowace safiya ya yi masa wani, wato ya nannaɗe wannan ƙarfen. A otomatik kuwa, an ɗora wani ƙarfe mai nauyi mai siffar rabin wata a bayan injin, wanda ke juyawa duk lokacin da ka motsa hannu. Juyawarsa ce ke nannaɗe wancan siririn ƙarfen. Rubutunka a allo, tafiyarka zuwa masallaci, duk caji ne. Daga nan ƙarfin yana bi ta haƙoran giya har ya kai ga balans, wato ɗan zoben nan mai kai-da-komo wanda ke yanka lokaci gunduwa-gunduwa. A yawancin agogunan Japan masu sauƙin kuɗi, balans yana bugawa sau 21,600 a awa, wato sau 6 a kowane sakan, fiye da bugu rabin miliyan a rana. Shi ya sa hannun sakan ɗinsa ke tafiya kamar yana sulɓi, ba ya tsalle ɗaya-ɗaya irin na mai batir.

In ya cika, irin wannan agogo yana ɗaukar kusan awa 40 a ajiye kafin ya tsaya. Ka cire shi ranar Juma'a da dare, ka bar shi har safiyar Litinin, za ka tarar ya tsaya. Mutane da yawa sun kawo mini agogo da sassafe suna cewa ya lalace, alhali ajiye shi suka yi kwana biyu. Ka kaɗa shi a hankali gefe zuwa gefe na rabin minti, ka saita lokaci, ka ɗaura, shi ke nan.

Ba Japanawa ne suka ƙirƙiro wannan dabara ba. Wani Bature ɗan Ingila, John Harwood, shi ya fara fito da agogon hannu mai yi wa kansa wani a shekarun 1920, Rolex kuma ta kawo ƙarfen da ke zagaye gaba ɗaya a 1931. Abin da Japanawa suka yi shi ne sauko da abin zuwa aljihun talaka. Kintaro Hattori ya buɗe shagon agogo a Tokyo a 1881, daga shagon nan ne Seiko ta samo asali. A 1959 kamfanin ya fito da wata 'yar dabara da ya kira Magic Lever: sanda ɗaya mai yatsu biyu, ɗaya yana ja, ɗaya yana turawa, ta yadda duk inda ƙarfen baya ya juya, hagu ko dama, agogon yana samun caji. Kayan aikin kaɗan ne, saboda haka abin da zai lalace ma kaɗan ne. A 1963 aka fito da Sportsmatic 5, kakan duk wani Seiko 5. Lambar 5 alƙawari biyar ne: yana yi wa kansa wani, yana nuna rana da kwanan wata, yana jure ruwa, maɓallinsa yana lafe a wajen ƙarfe 4 don kada ya riƙa sukar hannu ko ya karye, sannan jikinsa da sarƙarsa masu ƙwari ne. Waɗanda aka yi wa kasuwar ƙasashen Larabawa suna nuna sunan rana da Turanci da Larabci, kuma irinsu ne alhazanmu suka yi ta kawowa tsaraba. Ina kyautata zaton na mahaifinka ma haka yake.

Maganar abokinka a kan lokaci

Nan ne ya kamata mu daɗe, domin nan ne mutane ke sayen agogo su yi nadama.

Agogo mai batir yana ƙirga lokaci ne da wani ɗan dutse mai karkarwa sau 32,768 a sakan. Kuskurensa bai cika wuce sakan 15 zuwa 20 a wata ba. Seiko ɗin ce ma ta fara sayar da irinsa, Astron, a watan Disamba na 1969, kuma ya girgiza masana'antar agogon Suwizalan ƙwarai. Agogon otomatik mai sauƙin kuɗi kuwa, kuskuren da mai batir ke yi a wata, shi a rana yake yinsa. Injin Seiko 4R36, wanda ke cikin Seiko 5 Sports na yanzu, kamfanin da kansa ya rubuta cewa zai iya yin gaba da sakan 45 ko ya yi baya da sakan 35 a rana, kuma duk da haka lafiyarsa ƙalau. Ko manyan agogunan Suwizalan da ake ba takardar shaidar daidaito, an yarda musu su yi baya da sakan 4 ko gaba da sakan 6 a rana. Wato Casio F-91W, wanda ke kasuwa tun 1989 kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ya fi su duka riƙe lokaci.

A aikace, abin bai kai munin da ke rubuce ba. Yawancin waɗanda nake aunawa suna tsakanin sakan 10 zuwa 20 a rana, wasu ma ƙasa da haka, kuma mai gyara da ke da na'urar aunawa zai iya matsa wani ɗan hannu a kan balans ya rage kuskuren. Mu ɗauka naka yana gaba da sakan 20. A mako ya zama minti 2 da 'yan kai. Ka saita shi da wayarka ko da labaran rediyo sau ɗaya a mako, ba za ka taɓa makara aji ko sallah saboda shi ba. Ni ma na fi so in bar agogon mai ciniki yana ɗan yin gaba a kan ya riƙa yin baya.

Abin da ke jawo bambancin shi ne, balans ƙarfe ne na gaske da ke juyawa, nauyin ƙasa yana jansa. In ka kwantar da agogo fuskarsa sama, gudunsa daban. In ka jingina shi a gefe, gudunsa daban. Zafi yana taɓa shi, haka kuma in cajinsa ya yi ƙasa. Wannan ma yana da amfani: wanda agogonsa ke gaba da rana zai iya gwada kwantar da shi a gefensa da dare, sau da yawa yakan rage abin da ya ci. Kowane agogo da halinsa, sai ka gwada naka na mako guda ka gane.

Sharaɗin da na ambata tun farko ke nan. In kai mutum ne da minti ɗaya ke ɓata wa rai, ko kuma mai ɗaura agogo sai ranar Juma'a da ranar biki, kada ka sayi otomatik. Ka nemi Casio na asali, ko Citizen Eco-Drive mai caji da haske, wanda shi ma ba ya buƙatar canjin batir duk shekara. Ba kasawa ba ce, zaɓen abin da ya dace da kai ne. Amma in kullum agogo na hannunka daga safe zuwa dare, kamar yadda aikin koyarwa yake, otomatik ya sami mai shi.

To me kake saye da kuɗinka, tunda ba daidaito ba ne? Kana sayen abin da ake iya gyarawa. Agogon batir mai araha, in ƙwaƙwalwarsa ta ƙone ko batir ya zuba ya cinye ta, sau da yawa sai dai a jefar. Kuma duk lokacin da aka buɗe bayansa a bakin titi don canjin batir, robar da ke tare ruwa tana iya tsinkewa ko a manta da ita, shi ya sa naka ke shan ruwa. Otomatik kuwa yana iya shekaru ba a buɗe shi ba. In ya gaji, a warware shi ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a sa mai, a mayar. Agogunan Seiko da aka ƙera a shekarun 1970 suna zuwa wurina a mace, su tafi suna bugawa. Kamar tsohon keken ɗinki ne na ƙarfe zalla: muddin akwai mai da wanda ya san hannunsa, ba ya ƙarewa.

Seiko, Orient ko Citizen

Tsohon Seiko 5, irin ƙananan nan masu faɗin milimita 37 ko kusa da haka, yawancinsu injin 7S26 ne a ciki, wanda ya fito a 1996. Inji ne mai juriya ƙwarai, kayan gyaransa kuma suna ko'ina. Yana da rauni biyu da ya kamata ka sani: ba a yi masa wani da hannu, sai kaɗawa, kuma in ka ja maɓalli don saiti, hannun sakan ba ya tsayawa. Sarƙarsa ma ta ƙarfen da aka lanƙwasa ce, tana da ƙara, wani lokaci tana tsinkar gashin hannu. A shekarun baya ana samun sabonsa ƙasa da dala 100, yanzu ya yi tsada kuma sabo yana wuyar samu. A 2019 Seiko ta sabunta layin da Seiko 5 Sports mai injin 4R36, wanda ake iya yi wa wani da hannu, sakan ɗinsa yana tsayawa, kuma yana jure ruwa har mita 100. Ya fi girma, ya fi nauyi, kuɗinsa kuma ya ninka na tsohon fiye da sau biyu.

Orient, wadda aka kafa a 1950 kuma yanzu take ƙarƙashin Seiko Epson, ita nake yawan nuna wa mai ƙaramin ƙarfi. Tana ƙera injinanta da kanta, kuma sau da yawa tana ba ka fiye da abin da Seiko ke bayarwa a kuɗi ɗaya. Bambino agogon ado ne, mai gilashi mai tudu da madaurin fata, yana yin kyau ƙwarai da kaftani ko babbar riga. Sai dai ruwan da yake jurewa mita 30 ne kawai, ga fata ba ta shiri da gumi da alwala. Mako da Kamasu kuwa na masu ninƙaya ne, mita 200, maɓallinsu ana ɗaure shi kamar noti. Kamasu har da gilashin safaya, wanda yashi da makulli ba sa karce shi cikin sauƙi.

Citizen ita ce mai kamfanin injin Miyota. Injinta 8215, wanda ya fito tun 1977, yana cikin agogunan kamfanoni barkatai a duniya. Yana yin caji ta gefe ɗaya ne kawai, saboda haka in ƙarfen baya ya juya ɗaya gefen sai ka ji yana wulwulawa da ɗan sauti. Ba lalacewa ba ne. Citizen Tsuyosa, da ya fito a 2022, kyakkyawa ne, gilashinsa safaya, amma sarƙarsa haɗe take da jikinsa, ba ka da 'yancin canza madauri yadda kake so.

Da ni ne kai, da na duba abu ɗaya kafin suna: ruwa. Musulmi yana kai hannu ga ruwa sau da dama a rana. Rubutun mita 30 a bayan agogo ba ya nufin za ka nutse da shi mita 30, awon matsi ne da aka yi a ɗakin gwaji, kuma ma'anarsa a rayuwa ita ce yayyafi da fantsamar ruwa. Mita 50 ya ɗan fi. Daga mita 100 ne hankali ke kwanciya. Ko da za ka riƙa cire shi ko zame shi lokacin alwala don ruwa ya kai ga fata, wata rana ruwan sama zai kama ka a kan babur a watan Agusta. Robar da ke tare ruwa ita ce kuma ke tare ƙurar hunturu, wadda in ta shiga inji ta haɗu da mai, sai ta zama abin da ke cin haƙoran giya a hankali. Saboda haka, ga malamin makaranta mai agogo ɗaya tak, zaɓina Seiko 5 Sports ne ko Orient Mako ko Kamasu, da sarƙar ƙarfe. In hannunka siriri ne kuma kana son kamannin na mahaifinka, ka ɗauki ƙaramin Seiko 5, ka yarda za ka kiyaye shi daga ruwa.

Jabu

Iri biyu ne, kuma na biyun ya fi yaudara. Na farko jabu ne tsantsa: an rubuta Seiko a fuska, a ciki kuwa inji ne mara suna, wani lokaci ma batir ne. Wannan yana da sauƙin kamawa. Ka dubi hannun sakan, in yana tsalle ɗaya-ɗaya alhali an rubuta otomatik, ka ajiye. Ka dubi rubutun fuska da kyau, na asali tsaf yake, babu harafin da ya karkace, kuma sunan rana da kwanan wata suna zaune daidai a tsakiyar tagarsu.

Na biyun su ne tsofaffin agogunan da ake harhaɗawa, da yawansu daga Indiya. Injin na Seiko ne ko Citizen na gaske, amma ya gaji, an kwaso sassansa daga agoguna daban-daban, an yi wa fuskar sabon fenti mai sheƙi, ja ko kore ko ruwan lemo, an goge jikin ya yi ƙyalli. Suna cike da shagunan intanet a farashi mai jan hankali. Yakan yi aiki wata biyu ko uku, sannan ya fara tsayawa. In na buɗe irinsu nakan tarar da tsatsa, ko manne da aka riƙe fuska da shi. Gyaransa ya fi kuɗin sayensa.

A bayan Seiko na asali akwai lamba mai kashi biyu, misali 7S26 sai layi sai wasu haruffa huɗu. Kashin farko sunan injin ne. Wannan sunan dole ya yi daidai da ƙaramin rubutun da ke ƙasan fuska kusa da ƙarfe 6, kuma in bayan gilashi ne, ya yi daidai da abin da aka zana a jikin injin. In suka saɓa, an yi haɗe-haɗe. Kada kuma ka bari a tsorata ka da cewa wanda ba a rubuta an ƙera a Japan ba jabu ne. Seiko tana haɗa da yawa daga cikin masu sauƙin kuɗinta a masana'antunta na wasu ƙasashen Asiya, kuma a teburina ban ga bambancin juriya tsakaninsu ba. Haka nan za ka ga agogunan wasu kamfanoni da aka rubuta inji NH35 ko NH36. Injin Seiko ne na gaske da take sayar wa wasu, ɗan'uwan 4R35 da 4R36. Injin yana da kyau, amma jikin agogon da robobinsa aikin wancan kamfanin ne, ba na Seiko ba.

In ɗan gwanjo za ka saya, ka tafi da mai gyara, ko ka yi sharaɗi da mai kaya cewa za ka riƙe shi kwana biyu ka gwada. Ka ɗaura shi yini guda, ka ajiye, ka ga ko zai kai washegari da dare yana aiki. Daga nesa ba zan iya yanke maka hukunci a kan agogon da ban riƙe ba, hoto ba ya nuna gajiyar inji. Farashi ma ba zan faɗa maka da naira ba, domin yana bin dala, abin da na faɗa yau gobe ya tashi. Ka tambayi wurare uku, wanda ya faɗi ƙasa da sauran nesa ba kusa ba, ka san akwai dalili.

Riƙo

Kada ka canza kwanan wata ko sunan rana tsakanin ƙarfe 9 na dare da 4 na asuba a lokacin agogon. A wannan tsakanin haƙoran da ke juya kwanan wata sun riga sun kama aiki, in ka tilasta su suna iya karyewa. Ka fara kai hannaye ƙarfe 6, sannan ka canza.

Maganaɗisu shi ne ɓoyayyen abokin gaba. Lasifikar rediyo, jakar waya mai maganaɗisu, murfin kwamfutar hannu, duk suna iya sa wani siririn ƙarfe mai kama da gashi da ke cikin balans ya manne da kansa. Alamarsa ita ce agogon da ke lafiya jiya, yau ya fara gudu da minti da dama a rana. Wannan ba ya buƙatar buɗewa, akwai 'yar na'ura da ke cire shi cikin sakanni. Kada ka yarda a ce maka sai an canza inji kafin a gwada wannan. Faɗuwa a kan siminti ita ma tana iya jirkita shi, duk da kariyar da aka sa wa balans, saboda haka ka cire shi in za ka yi faskare ko buga guduma. In ka ga raɓa a cikin gilashi, ka kai shi wurin gyara a ranar, kada ka shanya shi a rana ka jira, tsatsa ba ta ɗaukar lokaci.

Maganar sabis kuwa, man da ke cikin inji yana bushewa ko da agogon yana aiki. A yanayin zafi da ƙura irin namu, nakan ba da shawarar a duba shi a kusan shekara 5, ko da zarar ka ga cajinsa ba ya kai yadda ya saba, ko lokacinsa ya fara rikicewa. A canza robobin baya da na maɓalli a lokaci guda. Ka tambayi mai gyaran ko warware injin zai yi ya wanke kowane sashe, domin akwai masu tsoma shi dungurungum a fetur su ɗiga masa man keke, wannan kuwa kashe agogo ne. In sabis na gaskiya ya yi tsada a garinku, sabon inji NH36 ba shi da tsada sosai, kuma yana shiga jikin Seiko 5 da yawa, har da masu tsohon 7S26 in an canza sandar maɓalli.

Kafin ka je kasuwa ma, Malam, ka tambaya a gida ina agogon marigayi yake. In yana nan kuma magada sun yarda, ka kai shi a buɗe a duba. In ruwa bai cinye injinsa ba, wanki da mai da sabon gilashi da robobi za su iya tayar da shi a kuɗin da bai kai na sabo ba.